Daga Kallon Zara Zuwa Auna Shekarun Duniya: Ina Matsayinmu?

Dalilin wannan rubutu na yau wata 'yar gardama ce da aka yi a gabana bayan sallar isha'i a nan Sabon Ibadan. Wani maƙwabcina, Alhaji ne mai harkar goro, yana da yaro da ya gama sakandare da sakamako mai kyau. Yaron ya ce shi fiziks yake son karantawa a jami'a, kuma burinsa ya shiga fannin sararin samaniya. Alhaji ya ce bai san zancen ba. Ko dai ya karanta likitanci, ko kuma ya zo rumfa. Da na sa baki sai ya ce min, "Malam, kai ma ka san wannan karatun na masu ja da ikon Allah ne. Ina ruwan ɗan Musulmi da leƙen abin da ke sama?" Wani matashi da ke zaune tare da mu ya karɓe, ya ce ai Alhaji bai sani ba ne, duk wannan ilimin namu ne, Turawa sata suka yi daga Musulmi.

Na dawo gida ina juya maganganun nan biyu. A ganina dukkansu kuskure ne, kuma na biyun ya fi na farkon haɗari, domin yana da daɗin ji. Bari in bi tarihin abin daga tushe, sai mai karatu ya yi mana hukunci.

Kafin a ƙera kowace irin na'ura, ido ne kayan aikin. Kakanninmu sun san Zara matar wata, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba, sun san Kaza da 'Ya'yanta, kuma manomi da mafarauci da madugu kowa yana da abin da yake karantawa a sama. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun ƙara abu ɗaya a kan kallo, wato rubutu. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta abin da suka gani kowane dare a kan allunan yumɓu. Da bayanan suka taru sai suka lura cewa kusufi yana maimaita kansa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 10 ko 11. Lissafinsu na sittin-sittin shi ne har yau a agogon hannunka: minti 60 a awa, daƙiƙa 60 a minti.

Wannan lissafi na Babila ni shaida ne a kansa. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 muka cika mota muka tafi Shaki, a arewacin Jihar Oyo, don mu ga kusufin rana cikakke. Da hantsi, bayan ƙarfe goma, gari ya yi duhu na 'yan mintoci, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, mutane na ta kabbara. Inuwar ta wuce ta Gusau da Katsina ta shiga Nijar. To ƙara shekara 18 da kwana 10 a kan wannan rana, za ka faɗa 8 ga Afrilu 2024. A ranar aka yi cikakken kusufi a Meziko da Amurka da Kanada. Ya koma yamma ne saboda akwai ragowar kimanin awa takwas a lissafin, kuma a cikin awa takwas ƙasa tana juya sulusin zagayenta.

Bayan Babila sai Girkawa, waɗanda suka shigo da tambayar "yaya siffar abin take?" Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mai suna Eratostenis da ke Iskandariyya ta Masar ya ji cewa a garin Aswan akwai ranar da rana take tsayawa daidai tsakar ka har ta haska ƙasan rijiya. Ya auna inuwa a Iskandariyya a irin wannan rana, ya samu karkata ta kimanin digiri 7, wato kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Ya ninka nisan garuruwan biyu sau hamsin, ya fitar da girman kewayen ƙasa, kuma bai yi nisa da abin da aka sani yau ba, kimanin kilomita 40,000. Da sanda da inuwa ya yi wannan aiki. Wajen shekara ta 150 miladiyya kuma Baɗlamus, shi ma a Iskandariyya, ya rubuta littafin da Larabawa suka sa wa suna Almajisɗi. Ya sa ƙasa a tsakiya, rana da wata da taurari suna kewaya ta. Tsarin ba daidai ba ne, amma lissafinsa yana aiki gwargwado, shi ya sa ya yi fiye da shekara dubu ana karantar da shi.

A nan ne Musulmi suka karɓi tutar. Abin da nake so Alhajina ya sani shi ne addinin ne da kansa ya tura su. Sallah tana buƙatar lokaci, masallaci yana buƙatar alƙibla, azumi da hajji suna buƙatar wata. A zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, an fassara littattafan Girkawa a Bagadaza, aka kuma tura masana sahara su sake auna girman ƙasa don a tabbatar. Albattani, wanda ya rasu a 929, ya auna tsawon shekarar rana ya samu kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24. Tsakaninsa da ma'aunin zamani minti biyu ne da 'yan kai. Ibnul Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya nuna da gwaji cewa haske ne yake shiga ido, ba ido ne yake fitar da haske ba. Ya kuma rubuta littafi guda a kan shakkun da yake da su game da Baɗlamus. Ibnush Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa shi ne kula da lokutan sallah a babban masallacin Banu Umayya da ke Dimashƙa, kuma a wannan kujera ya gyara lissafin tafiyar wata. A shekarun 1950 masana tarihi suka gano cewa tsarinsa na wata daidai yake da wanda Kofanikus ya fitar fiye da shekara 150 bayansa.

Mu ma muna da ɗan rabonmu. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya bar ƙasar Hausa ya tafi hajji, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Gaskiya ne cewa a rubuce-rubucen irin su lissafi yana cakuɗe da asiri da duba, amma haka abin yake ko'ina a wancan zamani. Kefla da zan ambata nan gaba, shi ma yana yi wa manyan mutane duban taurari don ya samu na cefane. Raba ilimin falaki da bokanci aiki ne da ya ɗauki ƙarnoni.

Yanzu sai in juya ga matashin da ya ce sata aka yi mana. A 1577 aka kammala gina babban ɗakin nazarin taurari a Istambul ƙarƙashin wani masani mai suna Taƙiyyuddin. A 1580 Sarkin Daular Usmaniyya ya ba da umarni aka rushe shi. A daidai waɗannan shekaru wani Bature mai suna Taiko Barahe yana gina nasa a wani tsibiri na ƙasar Denmak, da kuɗin sarkinsu, ya yi kimanin shekara ashirin yana auna taurari. Babu wanda ya zo ya sace na Istambul. Masu gidan ne suka rushe kayansu.

Kofanikus ya buga littafinsa a 1543, ya ce rana ce a tsakiya, ƙasa tana kewaya ta. Hujjarsa a lokacin ba ta da ƙarfi sosai. Wanda ya ƙarfafa ta shi ne Kefla, wanda ya gaji bayanan Taiko. Ya yi shekaru yana ƙoƙarin dora tafiyar Mirrihu a kan da'ira, har ya kai ga lissafin da kuskurensa bai wuce minti 8 na kusurwa ba, wato kamar rubu'in faɗin wata idan ka kalle shi a sama. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne. Kefla ya ce Taiko ba ya kuskure irin wannan, don haka da'irar ce ba daidai ba. Ya watsar da aikinsa na shekaru, a 1609 ya fitar da cewa duniyoyi suna tafiya ne a kan hanya mai siffar ƙwai. A 1610 Galileyo ya ɗaga madubin hangen nesa ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari, shaidar cewa ba komai ne yake kewaya ƙasa ba. Cocin Katolika ta gurfanar da shi a 1633, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida. Ka ga ke nan su ma sun yi nasu tsangwamar. Bambancin shi ne injin ɗab'i ya riga ya watsa littattafan, idan an rufe baki a Rum sai a ci gaba a Holan da Ingila.

A 1687 Niyuton ya haɗa sama da ƙasa a doka guda: ƙarfin da yake jawo mangwaro ya faɗo daga bishiya, shi ne yake riƙe da wata kada ya ɓalle. Abokinsa Hali ya yi amfani da dokar ya ce tauraruwa mai wutsiya da aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ɗaya ce, kuma za ta dawo wajen 1758. Ya mutu a 1742, ta dawo a ƙarshen 1758. Ta sake zuwa a 1986, ana kuma sa ranta a 2061. A 1846 wani Bafaranshe mai suna Laberiye ya lura cewa duniyar Yuranus tana ɗan kaucewa daga inda lissafi ya ce, ya zauna da alƙalami ya ce akwai wata duniya a wuri kaza da take jan ta. Ya aika wasiƙa Balin, a daren da ta isa aka duba aka ga Neftun.

Mai karatu zai zaci an gama ke nan. Amma Uɗaridu, duniyar da ta fi kusa da rana, ita ma tana da 'yar kaucewa, daƙiƙa 43 na kusurwa a shekara ɗari. Laberiye ya sake cewa akwai wata ɓoyayyar duniya. Aka yi ta nema, babu. A wannan karon dokar Niyuton ce take da iyaka. Ayinstain ne ya warware a 1915, da ya nuna cewa abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci a kewayensa, har haske ma sai ya bi lanƙwasar. An gwada maganarsa a maƙwabtanmu. Ranar 29 ga Mayu 1919 wani masanin Ingila mai suna Edinton ya ɗauki hotunan taurari lokacin kusufi a tsibirin Firinsife, wanda bai kai kilomita 400 daga Fatakwal ba, wata tawagar kuma tana Sobral a Burazil. Hasken taurarin ya karkata kamar yadda aka lissafa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Wata mata mai suna Henriyeta Libit ta gano a 1912 yadda za a yi amfani da wasu taurari masu ƙyaftawa a auna nisa. Da wannan ma'auni Habul ya nuna a shekarun 1920 cewa garken taurarin da muke ciki ɗaya ne cikin masu yawa. Maƙwabcinmu Andoromeda, hasken da yake tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa sai ya yi shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mana daga can. A 1927 Lametar, wanda limamin coci ne ɗan Beljiyam, ya lissafa cewa sararin samaniya yana buɗewa, Habul ya kawo awon da ya goyi bayan haka a 1929. Idan yana buɗewa, to akwai lokacin da komai yake cure wuri ɗaya da tsananin zafi. A 1964 wasu masana kimiyya biyu a Amurka, Fenziyas da Wilson, suka yi ta fama da wani shuu a eriyarsu. Har kashin tattabaru suka kankare suna zaton shi ne, ashe ragowar ɗumin farkon halitta ne yake zuwa daga kowane ɓangare. A 1998 aka gano cewa buɗewar ƙara sauri take yi. Ƙiyasin yau shi ne shekarun wannan sarari sun kai biliyan 13.8, kuma duk abin da muka sani na taurari da duwatsu da jikin ɗan Adam kashi 5 ne cikin ɗari. Ragowar, kimanin kashi 27 wani abu ne mai nauyi da ba ya ba da haske, kashi 68 kuma wani ƙarfi ne da yake tura buɗewar. An sa musu suna, amma ba a gano haƙiƙarsu ba tukuna.

To, me na tsinta a wannan doguwar tafiya? Mu mazauna zango mun fi kowa sanin halin baƙo. Baƙo yana sauka ne inda aka yi masa shimfiɗa, idan aka ɗaure masa fuska sai ya naɗe tabarmarsa ya yi gaba. Haka wannan ilimi ya yi: ya sauka Babila, ya koma Iskandariyya, ya zauna Bagadaza da Dimashƙa da Samarƙandu, ya haura Turai, ya tsallaka Amurka. Yau Sin da Indiya suna nasu, Afirka ta Kudu ta buɗe faranta 64 na sauraron sama a 2018. Duk inda ya zauna za ka samu abu uku: mutanen da suke aunawa da hannunsu, shugabanni ko attajiran da suke biya, da al'ummar da take yarda ƙarami ya ce wa babba lissafinka bai yi daidai ba. Ibnul Haisam ya gyara Baɗlamus, Kefla ya gyara Kofanikus, Ayinstain ya gyara Niyuton, kuma babu wanda darajarsa ta zube.

Shi ya sa na ce maganar "namu ne aka sace" ta fi cutarwa. Wanda ya ce haramun ne, ana iya kawo masa tarihin mai kula da lokacin sallah na Dimashƙa ya sauko. Amma wanda ya ce an riga an gama komai tun zamanin kakanninsa, ba ya jin akwai aikin da ya rage masa. Mun iya jera sunayen Albattani da Albiruni a wajen wa'azi, alhali a cikinmu da wuya ka samu wanda zai kafa sanda ya fitar da alƙibla ko lokacin azahar daga inuwa. Kuma rashin wannan sani yana da tsada. A Janairun 2001, da aka yi kusufin wata, matasa sun fita ƙone-ƙone a Maiduguri suna cewa zunuban wasu ne suka jawo. Alhali ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi kusufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, shi da kansa ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da sallah. Sanin ranar da kusufi zai faru bai hana kowa yin sallar ba. Mu a Shaki sanin ne ya sa muka je da alwalarmu.

Ba zan ɓoye cewa Alhaji yana da gaskiya ta wani ɓangaren ba. Tsoronsa na biyu, wanda bai faɗa a fili ba, shi ne abinci. Wanda ya karanta fiziks a ƙasar nan, mafi yawa koyarwa ce take jiransa, kuma kowa ya san albashin malami. Ɗakunan gwajin makarantu da yawa babu kayan aiki. Uba da ya sha wahalar baƙunta ya tara ɗan abin da ya tara, ba laifi ba ne ya so ɗansa ya tsaya da ƙafarsa. Amma in za a hana yaro, a gaya masa gaskiyar dalilin, kada a jingina wa addini abin da bai ce ba. Sannan a sani cewa karatun ba ya tsaya a kallon sama. Taswirar da direban tirelar Alhaji yake bi a wayarsa daga Shagamu zuwa Kano tana aiki ne da agogunan taurarin ɗan Adam, waɗanda suke gaba da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, kamar yadda lissafin Ayinstain ya nuna. Da ba a gyara wannan ba, kuskuren zai riƙa ƙaruwa da kimanin kilomita 10 kullum. Na'urar hoton ƙashi a asibiti, farantin sola a kan rufi, binciken mai a ƙarƙashin ƙasa, duk 'ya'yan fiziks ne. Nijeriya ta harba tauraronta na farko a 2003, amma a Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba. Wani ne zai koyi yin wannan a gida, kuma ban ga dalilin da zai sa a cire 'ya'yanmu daga layi ba.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na Sabo da Agege da Shagamu da Fatakwal ba mai tsada ba ce. Kuɗin da muke kashewa a bikin naɗin sarauta guda ɗaya zai sayi madubin hangen nesa ga makarantun Islamiyya da yawa, yara su ga watannin Mushtari da idonsu. A nemi malamin lissafi ya koyar da manyan ɗalibai yadda ake sanin shekarun jinjirin wata da tsawon zamansa bayan faɗuwar rana. Hukuncin fara azumi na malamai ne da Sarkin Musulmi, ban shiga nan ba, amma mai neman wata da ya san inda zai duba ya fi wanda yake lalube. Sannan masu hali su ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu da suke da ƙwaƙwalwar wannan fanni, kamar yadda ake ɗaukar nauyin masu karatun likitanci.

Ga kuma abin gwaji ga mai shakka. An lissafa cewa ranar 2 ga Agusta 2027 cikakken kusufin rana zai bi ta Maroko da Masar ya ratsa Jidda da Makka, ranar 20 ga Maris 2034 kuma wani zai bi ta kudancin Nijeriya ya shiga Kamaru da Chadi. A rubuta a ajiye, gani ya kori ji.

Shekaranjiya yaron ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Baba, ko kun sake yi wa Alhaji maganar?" Na ce masa na yi, kuma Alhaji ya ce zai yi shawara da limaminmu. Na je na samu liman da kaina na ba shi labarin Ibnush Shaɗir, ya saurara har ƙarshe, ya ce in rubuto masa sunan da shekarun. Na rubuta na kai masa. Yanzu muna jiran abin da za su yanke kafin a rufe cike takardar jarrabawar shiga jami'a.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wassalam.